Kallon Ƙwallo Da Daɗi, Amma A Riƙa Taɓa Dara

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu ta ratsa Sundimina ta nufi Kiyawa, ko kuwa wadda ta miƙa zuwa Gwaram, da yammacin ranar Asabar bayan an kawar da amfanin gona, zai tarar da taro iri biyu a garuruwan da zai wuce. Na farko yana cikin rumfar kwano, an saki labule a ƙofa, injin wuta yana ruri a waje, samari sun cika bencina suna kallon wasan da a ke yi a Ingila ko Sifen. Na biyu yana gindin bishiya, inda mutum biyu suka durƙusa gaban 'yan ramukan da suka tona a ƙasa, wasu biyar ko shida sun kewaye su, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Taron farko kullum ƙaruwa ya ke yi. Na biyu kuwa, in aka dubi kawunan masu zamansa, furfura ta fi yawa.

Ba nufinmu a nan mu kushe wa kowa kallonsa ba. Abin da mu ke so mu jawo hankalin ma'aikaci da ɗan makaranta a kai shi ne, mutum yana iya zama ɗan kallo na gaske, ya san sunan kowane ɗan wasa da lambar rigarsa, duk da haka ya ajiye wani ɗan wasa guda wanda shi da kansa zai riƙa yi, ba don neman kofi ko kuɗi ba, sai don raha da wasa ƙwaƙwalwa. Wasan da ya fi dacewa da wannan gurbi kuwa shi ne dara, ko tamu ta gargajiya, ko kuwa 'yar uwarta wadda 'yan boko ke kira ces, malamai kuma su ke kira shaɗaranji.

Kowa ya san ƙwallon ƙafa ita ce sarauniyar gidajen kallo. Amma tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, ƙwallon kwando ta sami nata mabiya, musamman a tsakanin ɗaliban manyan makarantu da matasan ma'aikata. Suna da hujjarsu. Wasa ne mai sauri, mutum biyar-biyar, kwandon yana rataye ƙafa 10 daga ƙasa, kuma in ƙwallo ta shiga hannun ƙungiya, daƙiƙa 24 kaɗai gare ta ta jefa, in ba haka ba alƙali ya karɓe ya ba abokan hamayya. Sa'an nan wasa ne da Nijeriya ta yi suna a cikinsa. Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Ikko a 1963, ƙwallon hannu ya ke yi a makaranta kafin a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwandon da suka je wata gasar makarantu a Sakkwato. Daga baya ya ci kofin Amurka sau biyu a jere da ƙungiyar Houston Rockets, a 1994 da 1995, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 alhali yana azumin Ramalana. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi wasan a can, shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin a 2019. Maza 'yan wasan ƙasa sun ci kofin Afirka a 2015. Matan kuwa sun fi su rawar gani nesa ba kusa ba, don sun ɗauke shi sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a wasannin Olamfik na Faris a 2024 suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, abin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. A nan kusa kuma akwai Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ta sha zama zakara a gasar ƙasa.

Sai dai mai bin gasar Amurka yana biyan haraji da barcinsa. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Niyok, a nan ƙarfe ɗaya da rabi ne na dare a lokacin hunturu, kuma kowace ƙungiya tana yin wasa 82 kafin ma a shiga zagayen fid da gwani. Duk shugaban ofis da ya ga akawunsa yana gyangyaɗi a kan fayil da hantsi a watan Yuni, ba lalle ne zazzaɓi ke damunsa ba.

Akwai kuma wani wasan na Amurkawa da a ke kira besbol, wanda a ke jefo wa mutum ƙaramar ƙwallo ya maka mata kulki ya zuba da gudu. Masu binsa a ƙasar nan ba su taka kara sun karya ba, galibi waɗanda suka yi karatu a waje ne. Mun kawo shi ne saboda wani lissafi da ke cikinsa. Kowace ƙungiya tana yin wasa 162 a shekara. Los Angeles Dodgers, wadda ta ɗauki kofin 2024, an cinye ta sau 64 a wannan shekarar kafin ta kai ga zagayen ƙarshe. Mai riƙe da kulki kuma, in ya dace sau uku cikin goma, gwani a ke kiransa. Watau wasa ne da aka gina shi a kan cewa zakara ma yana shan kaye kusan kowane mako, gobe kuma ya sake ɗaura ɗamara. Mai son fara dara ko shaɗaranji, da wannan zuciya ya kamata ya zauna gaban allo.

Inda Ɗan Kallo Ya Gaza

Daɗin kallo a fili ya ke: hira, musu, zolaya, da jin cewa kai ma kana cikin wani babban taro da ya game duniya. Amma farin cikin ɗan kallo da baƙin cikinsa duk suna hannun wasu mutane ne da ba su san da zamansa ba. In ƙungiyarsa ta ci, ba dabararsa ba ce. In aka cinye ta, ba abin da zai gyara kafin mako mai zuwa, sai dai ya zagi mai horarwa. Wannan rashin hannu a cikin al'amari shi ne ƙofar da caca ta shigo ta cikinta. Saurayi ya ga ya san 'yan wasa kamar yunwar cikinsa, ya ga ilmin nan ba ya tsinana masa kome, sai a nuna masa cewa in ya sa Naira ɗari biyu a waya ilmin zai haihu. Daga nan kallo ya daina zama hutu. Malaman makaranta da iyaye sun san inda kuɗin jarrabawa da na cefane su kan maƙale.

A gindin bishiya lamarin daban ne. Wanda aka cinye a dara ya san shi ya kai hannu ya motsa karan da ya buɗe wa abokinsa hanya, kuma kafin inuwa ta gusa zai iya cewa a sake.

Ga waɗanda suka tashi a bariki ba su taɓa durƙusawa ba, ga yadda darar maza ta ke. A kan tona gidaje 30 a ƙasa, layi biyar kowane da gida shida, ko da ya ke wasu garuruwan su kan ƙara. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Wannan ya ɗauki guntayen kara, wancan ya ɗauki tsakuwa, don kada su cakuɗe. Da farko a kan yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, ni in sa kai ka sa, kuma a wannan mataki ba a yarda mutum ya jera uku ba. In an gama dashe sai a fara tafiya, taki ɗaya zuwa gidan da ke kusa wanda ba kowa, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ya ci, sai ya zare ɗaya daga na abokin karawarsa. Gwanaye su kan ɗana wani tsari, wanda a wasu wurare a ke kira doki, inda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gida biyu, kowane taki ci ne. Wanda aka hau masa doki, sai dai ya yi dariya ya share ƙasa.

Abin lura shi ne, rabin wasan an gama shi tun a wurin dashe, kafin a motsa ko da kara ɗaya. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya kan hango taki huɗu ko biyar a gaba, yana yi yana tsokanar abokinsa, 'yan kallo suna ta sowa. Hausawa ba su ɗauki dara da fushi ba, amma sun ɗauke ta da daraja, har ta shiga karin magana: in makirci ya koma kan mai shi, sai a ce dara ta ci gida.

Ba Baƙo Ba Ne

Mutane da dama suna ɗaukar shaɗaranji wasan Turawa ne, saboda a hannunsu suka gan shi. Asalinsa daga Indiya ne, wajen ƙarni na 6, inda aka tsara shi kamar rundunar yaƙi mai dakaru da dawaki da giwaye da karusai. Daga can ya shiga Farisa, daga Farisa Larabawa suka ɗauka. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an yi gwanaye irin su Al-Adli da As-Suli, waɗanda suka rubuta littattafai a kansa tun Turai ba ta san shi sosai ba. Ta Andalus da Sisili ya ƙetara zuwa Turai, kuma sai a ƙarshen ƙarni na 15 Turawa suka sake masa wasu dokoki, suka ƙara wa wazirin sarki ƙarfi, wanda su su ke kira sarauniya. Kalmar da a ke faɗa in an ƙure sarki ma daga Farisanci ta ke, daga shah, watau sarki.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne Barno. A 1934 da 1939 wasu jami'an mulkin mallaka, C. K. Meek da P. G. Harris, sun buga bayani a wata mujalla ta Landan game da wani wasa da suka tarar a hannun dattawan Barebari, sunansa tsatsarandi. Mai karatu zai ji ƙamshin shaɗaranji a cikin sunan. Sarkin wasan Mai a ke kiransa, akwai Ciroma, akwai Kaigama, watau an ɗauki wasan da ya zo ta hanyar Larabawa an naɗa masa rawunan fadar Barno. Ashe ke nan tun kafin a kafa makarantar boko a Birnin Kudu, maƙwabtanmu na gabas suna tura dakaru a kan allo. Wasan ya ɓace ne don matasa ba su karɓa daga hannun tsofaffi ba, kuma wannan ita ce hanyar da darar gindin bishiya ta kama a yau.

Allon shaɗaranji gida 64 gare shi, fari da baƙi, kowane ɓangare da 'ya'ya 16: sarki, waziri, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas a sahun gaba. Bambancinsa da dara shi ne kowane ɗa da irin tafiyarsa. Hasumiya miƙe ta ke tafiya, giwa a karkace, waziri ya haɗa duka biyun, doki ya yi tsalle ya karya kwana, kuma shi kaɗai ke tsallake kan wani. Dakare taki ɗaya ya ke yi, sai a fitarsa ta farko ya ke da ikon yin biyu, ba ya komawa baya, amma in ya jure ya kai ƙarshen allo sai a naɗa shi waziri. Sarki kuwa, wanda duk don shi a ke yaƙin, taki ɗaya tak ya ke iya yi. Ma'aikacin gwamnati ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan tsari. Dokokin ba su fi a koye su a zama ɗaya ba, amma mai farawa yana da zaɓi 20, mai amsawa ma 20, watau kafin kowa ya yi taki na biyu allon yana iya ɗaukar kama 400 dabam-dabam. Daga nan lissafin ya wuce ƙidaya.

To, wannan zurfin shi ke tsorata mutane, su ce wasan masu kaifin ƙwaƙwalwa ne. Labarin zakarun duniya ma ba ya taimakawa. Bobby Fischer na Amurka, wanda ya kayar da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet a 1972 duniya tana kallo kamar yaƙi a ke yi, ya ba wasan rayuwarsa dukanta, sa'an nan ya ƙi fitowa kare kambinsa a 1975, ya ƙare kwanakinsa a keɓe. Gukesh na Indiya ya zama zakaran duniya a Disamba 2024 yana da shekara 18, bayan ya shafe ƙuruciyarsa a kan allo. Wannan sana'a ce, kuma ba ita mu ke tallatawa ba. Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a 1997, maganar wa ya fi kowa ta zama ta injuna. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau tana iya cinye zakaran duniya. A ganinmu wannan sauƙi ne ga sauran jama'a. Tun da ba mai kamo inji, sai kowa ya saki jiki ya yi wasa da tsaransa, kamar yadda ƙirƙiro mota bai hana yara tsere ba.

Misalin da ya fi amfani gare mu na gida ne. Tunde Onakoya, wanda ya koyi wasan a shagon wani mai aski a Ikorodu, ya kafa ƙungiyar koya wa yaran unguwannin talakawa shaɗaranji a 2018, har da yaran da ke kwana a ƙarƙashin gada a Ikko. A Afrilu 2024 ya zauna a dandalin Times Square na Niyok ya yi awa 60 yana wasa don tara kuɗin karatun yara, a 2025 kuma ya koma ya yi awa 64. Abin da aikinsa ya nuna shi ne, yaron da bai iya karanta sunansa ba yana iya koyon wasan cikin 'yan makonni, kuma zaman da ya ke yi shiru yana tunani kafin ya kai hannu ya kan bi shi har cikin aji.

Akwai wata magana da ba za a tsallake ba a ƙasa irin tamu. Malamai sun yi bayani a kan shaɗaranji tun da daɗewa, kuma ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Imamu Malik ya ƙi shi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda a ke karantawa a zaurukanmu, ta tafi a kan hani. Malaman Shafi'iyya kuwa sun ɗauke shi makaruhi ne kawai, muddin ba a sa kuɗi ba, bai jinkirta salla ba, bai kuma jawo zagi da rantse-rantse ba. Shafin jarida ba wurin ba da fatawa ba ne, kowa yana da malamin da zai tambaya. Amma abubuwan nan uku da aka yi sharaɗi da su, ba wanda ya yi saɓani a kan muninsu, kuma mai adalci zai yarda cewa a yau an fi samunsu a gidan kallo fiye da gaban allo.

Ta fuskar kuɗi kuwa, ba wasan da ya kai waɗannan biyu araha. Filin ƙwallon kwando yana bukatar daɓen siminti da ƙarafa da ƙwallon da ba ta jure ƙaya. Besbol ba a ma maganarsa. Dara ƙasa ce da kara. Shaɗaranji kuma kwali ne da za a zana wa gida 64, da murafan kwalba 32 da za a rubuta wa suna. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye mutane irin su Alhaji Aliko Ɗangote, da sauran makarantun kwana na wannan yanki har zuwa Gwaram, suna da sa'o'i tsakanin la'asar da magariba waɗanda ba kowane yaro ke samun shiga fili ba, don ƙwallo ɗaya mutum 22 ta ke ɗauka, sauran ɗaruruwan sai tsayuwa a bakin layi. Malami guda mai sha'awa ya isa ya buɗe ƙungiya. Zai kyautu kuma a gayyato dattijo daga cikin gari ya koya wa yara dara a gefe guda, don wanda ya iya dashe ba zai sha wuyar gane buɗin shaɗaranji ba. Duka biyun magana ce ta kama tsakiya da hana abokin karawa sakewa. Haka nan kulob ɗin ma'aikata a hedkwatar ƙaramar hukuma ba zai talauce ba don ya ajiye allo biyu kusa da talabijin, a riƙa taɓawa a lokacin hutun rabin lokaci.

Shawararmu ga mai farawa ita ce kada ya sayi littafi tukuna, kada kuma ya fara da inji, don inji ba ya dariya. Ya nemi wanda suka yi daidai, su ƙayyade minti goma ko sha biyar ga kowa, su bar 'yan kallo su yi surutunsu kamar yadda a ke yi a dara, ko da ya ke a gasa ta sosai an hana. Ya kuma san cewa akwai wani tarko da kusan kowane sabon shiga ya ke faɗawa a makonsa na farko. Abokin wasa zai tura dakaren gaban sarki, ya fito da giwa, ya fito da waziri can gefen allo, dukansu biyu suna hararar dakaren da ke gaban giwar sarkinka, wanda ba mai gadinsa sai sarkin kansa. In ka shagala, a taki na huɗu waziri zai faɗa masa, wasa ya ƙare kafin shayi ya huce. Maganinsa shi ne ka tura dakaren da ke gaban dokin sarki taki ɗaya, ya tare hanya ya kuma kori wazirin. Amma ka tabbata ɗaya dokin ya riga ya fito yana gadin dakarenka na tsakiya, in ba haka ba wazirin zai juya ya cinye shi, ya haɗa da hasumiya.